Sannunku da Aiki, Masu Goge Faifai

Duk wanda ya yi aiki ya cancanci a ce masa sannu, ko da aikin na rushe gida ne. An daɗe ana yabon BBC a kan abin da ta watsa. Mu nan tun 1957 muke kasa mata kunne da Hausa, har ta kai idan gardama ta yi tsami a majalisa sai wani ya ce ai BBC ce ta faɗa, magana ta mutu. Amma akwai wasu ma'aikatanta da ba a taɓa yi wa kirari ba, alhali sun fi kowa cika aiki: manyan da suka zauna a ofisoshin Landan tun daga shekarun 1960 har zuwa 1978 suna ba da izinin a goge faifan bidiyo. Ranku ya daɗe, yau ranarku ce.

Ranar 1 ga Janairu 1964 aka fara shirin waƙoƙin matasa mai suna Top of the Pops, a wani tsohon coci da ke unguwar Rusholme a Manchesta, wanda BBC ta mayar ɗakin ɗaukar shirye-shirye. Rolling Stones sun fito a daren, Dusty Springfield ta fito, Hollies sun fito. An zaci shirin 'yan makonni zai yi a naɗe masa tabarma, sai ga shi ya kai har Yulin 2006. Da ya zauna a daren Alhamis, miliyoyin gidajen Birtaniya suka ɗaure masa gindi: yara a durƙushe gaban akwatin talabijin, uba a bayan jarida yana tsaki a kan tsawon gashin samarin, uwa tana leƙowa daga kicin wai ita ba kallo take ba. A zamanin nan yaro ya san muryar gwaninsa daga rediyo da garmaho, amma fuskarsa da takunsa da irin takalmin da ya sa, sai a wannan rabin awa, sau ɗaya a mako. Wanda ya makara ya rasa ke nan.

Cikin shirye-shirye ɗari biyar na farko, daga 1964 zuwa 1973, cikakku da suka rage a taskar BBC ba su wuce kamar ashirin ba. Na farkon ma ba ya ciki. Babu gobara, babu ambaliya, babu bom ɗin abokan gaba. Takarda ce da biro da naci. Wasu ma ba a wahalar da kai an naɗe su ba tun farko, an watsa su kai tsaye iska ta kwashe, abin da ya rage muku aiki. Madalla da wannan hangen nesa.

Kuma kada wani ya ce ba ku da hujja, kuna da ita har ta yi yawa. Tef ɗin wancan lokaci, wanda kamfanin Ampex na Amurka ya fito da shi a 1956, faɗinsa inci biyu ne, naɗinsa guda kaya ne mai nauyi, ga tsada, ga cin wuri. Sai dai yana da wata baiwa: a bi ta kansa da maganaɗisu, nan take ya koma fari tas, a sake ɗaukar wani abu a kai. Wane ma'aji ne mai tattalin dukiyar jama'a zai ga haka ya ƙyale? Kun zauna kun auna, kuka ga tef yana da farashi a littafin kuɗi, abin da ke kan tef kuwa babu layinsa a littafin. Abin da ba shi da layi ai babu shi. Almajiri ma yana wanke allo don ya rubuta sabo, sai dai shi malaminsa ba ya yarda ya kai allon ga ruwa sai ya biya ya ji ya zauna masa a ka. Ku kun fi malamin sanin darajar lokaci, kuka wanke ba tare da tambayar ko akwai wanda ya haddace ba.

Ga kuma tsarin aiki abin koyi. Sashen injiniyoyi ne ke da tef, su kuwa a wurinsu kayan aiki ne, ba ajiya ba. Ɗakin adana fina-finai ya ce shi fim aka ba shi amana, tef ba huruminsa ba ne. Sashen kasuwanci yana kwafe wasu shirye-shirye a kan fim don sayar wa ƙasashen waje, idan ciniki ya ƙare ya lalata su don ya samu wuri. Kowa yana zaton akwai kwafi a hannun ɗan'uwansa, babu wanda ya taka ya je ya duba. Ƙungiyoyin 'yan wasa da makaɗa sun ƙayyade sau nawa za a maimaita shiri da kuma wa'adinsa, don kada maimaici ya kashe wa mutanensu kasuwa, sai kuka ce abin da ba za a sake nunawa bana ko baɗi ba, ajiye shi ɓarna ce. Da talabijin mai kala ya zo, BBC2 a 1967, BBC1 a ƙarshen 1969, sai kuka yanke cewa ɗan'adam ba zai sake ɗaga ido ya kalli hoto fari da baƙi ba har abada. Allah ya ƙara basira.

Bari a lissafa muku kaɗan daga ganimar, don mai aiki yakan manta yawan alherinsa. Beatles, samari huɗu 'yan Libaful da suka juya duniyar waƙa, sau ɗaya tak suka shigo ɗakin Top of the Pops da ƙafarsu aka watsa kai tsaye: ranar 16 ga Yuni 1966, da waƙoƙin Paperback Writer da Rain. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan nan suka daina yawon wasa gaban jama'a. Kun goge. Kafin wannan, ranar 7 ga Disamba 1963, su huɗun sun zauna a matsayin alƙalai a shirin Juke Box Jury, a garinsu, mutum kimanin miliyan 23 suna kallo, wato kusan rabin ƙasar. Hoton wannan zama ya bi ruwa. A Janairun 1963 wani saurayi Ba'amurke da ba kowa ya san shi ba, Bob Dylan, ya fito a wani wasan kwaikwayo na BBC mai suna Madhouse on Castle Street, ya rera waƙa da jitarsa. A 1968 aka lalata kwafin da ake da shi, lokacin da duk wani mai rediyo a Turai da Amurka ya riga ya san waye Dylan. Ba za a ce rashin sani ba ne, jarumta ce. Mutumin da za a ba kyautar Nobel ta adabi a 2016, kun riga kowa gane cewa bai kai darajar gurbin gwangwani ɗaya a kan kanta ba.

Wani zai ce to mene ne, waƙoƙin ai suna nan a faifan garmaho. Wannan maganar wanda bai san abin da aka rasa ba ce. A 1966 ƙungiyar makaɗa ta hana mawaƙi ya zo yana motsa baki a kan faifan da ake sayarwa a kasuwa. Daga nan dole a sake ɗaukar kiɗan, ko mawaƙi ya rera da bakinsa a gaban makaɗan shirin ƙarƙashin Johnny Pearson. Ke nan abin da aka ji a daren Alhamis sau da yawa babu irinsa a kowane kanti. Muryar da ta karye a tsakiyar baiti, mai ganga da ya yi sauri, mawaƙin da ya kalli kyamara har yarinya a ƙauye ta rantse ita ya kalla, da 'yan kallo masu rawa a gefe, 'yan makaranta da 'yan kanti da leburorin masana'anta cikin kayan da suka tara kuɗin mako suka saya. Babu wani wuri da aka ajiye yadda 'ya'yan talakawan Birtaniya suke taku da ado da murmushi a shekarun nan kamar wannan shiri, kuma iyayensu ne suka biya kuɗinsa, ta hanyar lasin talabijin da doka ta ɗora wa kowane gida mai akwati. Dukiyarsu ce aka ba ku riƙo. Fim ɗin naɗin sarautar Sarauniya na 1953 yana nan lafiya lau, kuma daidai ne ya kasance. Kun dai san wanda ake yi wa tarihi da wanda ake yi wa shara.

Amma a yi muku adalci, ba ku cika nuna bambanci ba. Hirarrakin da BBC ta yi a ɗakinta a daren da mutum ya fara taka wata, Yulin 1969, su ma sun tafi. Ɗan wasan barkwanci Peter Cook ya roƙi a bar masa faifan shirinsa, har ya ce zai sayo sababbi ya maye gurbinsu, aka ce ƙa'ida ba ta yarda ba. Ina ma'aikacin da ya kai wannan riƙon amana, a kawo masa sabon tef kyauta ya ƙi, don kada a saɓa wa tsarin gogewa? Maƙwabtanku na tashoshin kasuwa ma ba su bar ku ku kaɗai a fagen ba, yawancin shirin Ready Steady Go! na 1963 zuwa 1966 babu shi.

Abin takaicinku ɗaya ne, kowane gida ba ya rasa marasa jin magana. Wani mai ɗaukar hoto ya yi amfani da gilashin kyamara na ƙashin kansa lokacin da David Bowie ya rera The Jean Genie a Top of the Pops a farkon Janairun 1973, ya nemi kwafi don ya riƙa nuna aikinsa, ya kai gida ya ajiye. Kun goge naku, nasa ya kwana shekara 38, a Disambar 2011 BBC ta karɓa hannu biyu ta nuna wa duniya tana murna. Fitowar Pink Floyd ta 1967, lokacin mawaƙinsu Syd Barrett yana cikin hayyacinsa, an tsinto ta a wani lalataccen tef na wani mutum can, hoton yana rawa yana yankewa. Daren Beatles na 1966 kuwa, wasu iyali a Libaful sun saita ƙaramar kyamarar gida a gaban akwatinsu, suka kama daƙiƙa 11 babu sauti. A 2019 aka gano wannan ɗan guntu a hannun wani mai tara kayan tarihi a Meziko, jaridu suka ɗauka kamar an haƙo zinariya, daga baya wani ya fito da nasa mai daƙiƙa 92, shi ma bebe. Kun ga irin darajar da kuka ƙara wa abu? Da kun bar shi, da ba wanda zai yi kuka don daƙiƙa 11.

Akwai ma wanda ya tsere muku ta cikin gida. Wani guntun Beatles na 1965, suna rera Ticket to Ride, ya tsira ne kawai saboda an are shi an saka a cikin wasan Doctor Who, a wurin da 'yan wasan suke kallon wata na'ura mai nuna duk abin da ya taɓa faruwa a duniya. A ɗaki ɗaya marubutanku suna mafarkin na'urar da ba ta manta komai, a ɗaki na gaba kuna aiki da wadda ba ta barin komai.

Shi kansa Doctor Who bai tsira daga hannunku ba, kuma a nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Gwangwanayen fim da sashen kasuwanci ya sayar sun yi ta yawo daga tasha zuwa tasha a ƙasashen waje, da sharaɗin idan an gama a mayar ko a lalata. A Jos, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin, wasu sun zauna a kan kanta shekara da shekaru, ba a mayar ba, ba a ƙona ba. A Oktoban 2013 BBC ta yi shelar an samo kashi tara da ta daɗe da fidda rai da su, nan da nan ta zuba su a iTunes tana karɓar kuɗi. Da ma'ajin Jos ya kai ku biyayya ga takarda, da ko ɗaya ba a samu ba. Jamusawan Radio Bremen ma haka suka yi sakaci, suka adana shirinsu na Beat-Club na 1965 zuwa 1972, shi ya sa yau Baturen Ingila da ke son ganin mawaƙan ƙasarsa suna samari yakan same su ne da mai gabatarwa tana magana da Jamusanci.

A 1978 aka kafa wa BBC tsarin adanawa, aka naɗa Sue Malden ta zama mai zaɓen abin da za a ajiye, gogewar gayya ta tsaya. Sai aka shiga ihu bayan hari. Tun 1993 Cibiyar Fina-finan Birtaniya take shirya taro duk shekara don nuna abin da aka tsinto, masu sa kai na ƙungiyar Kaleidoscope suna bin ɗakunan tarkace da kayan mamata, BBC da kanta tana roƙon jama'a su duba ko suna da kwafin abin da a da laifi ne a kama mutum da shi. Wanda za a kora daga aiki a 1973 don ya fita da tef a jaka, shi ake tafa wa a 2011.

Da tashar BBC Four ta fara maimaita Top of the Pops mako bi mako a 2011, daga Afrilun 1976 ta ɗauko, domin daga nan ne ake iya jera shirin ba tare da faɗawa rami a kowane taku ba. Shekara goma sha biyu na farko, waɗanda a cikinsu waƙar Birtaniya ta mamaye duniya, sai tsinte-tsinte. Akwai matar da ta yi rawa a gefen dandali a 1965, ta gaya wa 'ya'yanta, ta gaya wa jikokinta, ba ta da abin da za ta nuna musu, har sun fara yi mata kallon mai ƙari. Akwai makaɗin da ya fito sau ɗaya a rayuwarsa, waƙarsa ta yi mako uku a kasuwa ta faɗi, ya koma tuƙin mota, kuma wannan minti uku ne kaɗai shaidar ya taɓa zama wani. Su ba Beatles ba ne, babu mai bin sawunsu har Meziko. Wanda yake son sanin yadda daren 16 ga Yuni 1966 ya kasance, da sauti da komai, sai ya nemi tsoho ya ba shi labari, ya kuma yi hanzari, don yaron da yake da shekara sha biyar a daren nan yau ya haura saba'in.