Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Tsohon Kyaftin Ɗin Jirgin Wicked Wench

Ranka ya daɗe, Kyaftin,

Ina yi maka jajen abin da ya same ka, duk da cewa jajen ya makara ƙwarai. Da na so in buɗe wasiƙar nan da sunanka, sai dai kamfanin Disney ya sa ka aiki shekara 39 a kan jirgin nan Wicked Wench, a wurin shaƙatawa na Disneyland da ke Anaheim a jihar Kalifoniya, mutane ba su san ka da wani suna ba sai "kyaftin ɗin nan mai baƙin gemu". To, a duk inda aka jingine ka yanzu, da fatan ba a inda ruwa ke yoyo ba ne.

Ka kama aiki ranar 18 ga Maris 1967, kuma ka kama shi kana maraya. Ubangidanka Walt Disney, wanda wannan wasa na Pirates of the Caribbean shi ne na ƙarshe da ya sa wa ido da kansa, ya rasu a watan Disamba 1966, wata uku kafin a buɗe. Da farko ma an shirya ku zama gumakan kakin zuma ne, mutane su zaga da ƙafa suna kallonku kuna sandare. Daga baya aka canza shawara, aka haƙa magudanar ruwa, aka sa muku inji a ciki, Marc Davis ya zana ku, Blaine Gibson ya sassaƙa fuskokinku, Paul Frees ya ara wa wasunku murya. Wanda ya shiga ma'aikata ba shi da uwa a gindin murhu, ai ya san ranar tankaɗe da rairaya ba za ta yi masa kyau ba.

Amma a faɗi gaskiya, ka yi aiki. Ba ka taɓa kawo takardar asibiti ba, ba ka taɓa neman izinin zuwa biki ba. Tun buɗe ƙofa har tashi kana tsaye kana daka tsawa, igwa na ruri, ruwa na tashi dama da hagu, 'yan yawon buɗe ido na ratsawa cikin kwale-kwale ta tsakaninka da abokan gaba suna ɗaukar hoto, ganuwar Sifaniyawa kuwa ko dutse ɗaya bai faɗo ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, da zarar kwale-kwale ya sha kwana sai a tarar yaranka tuni sun shige gari. Ga wasu suna tsoma Carlos magajin gari cikin rijiya don ya faɗi inda dukiya take, matarsa na leƙowa ta taga tana hana shi magana, ga wasu sun bugu suna waƙa da alade a gefe. Ta wace ƙofa suka bi? Babu wanda ya aiko maka da labari. Kai dai kana can bakin teku kana ƙona albarushi a kan garin da aka riga aka ci.

Sai 2003 ta zo da fim. An ɗauko labarinsa daga wannan wasa naku, Johnny Depp ya fito a matsayin Jack Sparrow, Geoffrey Rush ɗan Ostireliya ya fito a matsayin Kyaftin Barbossa, kuɗi suka yi ta kwarara. Yara suka riƙa zuwa suna waige-waige suna tambayar ina Jack. A 2006, daidai lokacin fitowar fim na biyu, aka rufe wurin don gyara, da aka buɗe sai ga Barbossa tsaye a kan jirginka, a daidai gurbin ƙafarka. Shi Jack har wuri uku aka ba shi, ɗaya daga ciki ma cikin ganga, na ƙarshe kuma a kan kujera cikin ɗakin zinariya. Ɗan da gidan ya haifa ya dawo daga birni da kuɗi, ya fitar da kayan tsoho waje.

A nan ne nake ganin kana da ƙara mai ƙarfi, in da kotun da za ta saurare ka. 'Yan fashin teku na gaske, a zamanin da suka fi cin karensu babu babbaka, wato farkon ƙarni na 18, da ƙuri'a suke naɗa kyaftin, da ƙuri'a suke tsige shi. Dokokin jirgin Bartholomew Roberts sun tanadi kashi biyu na ganima ga kyaftin, sun hana caca da kuɗi, sun ce a kashe fitila ƙarfe takwas na dare, kuma wanda ya rasa hannu ko ƙafa a bakin aiki a biya shi diyyar tsabar azurfa 800. Ka ji ɓarayi da tsarin inshora. Kai kuwa da ka yi wa kamfani mai rajista aiki, ba ƙuri'a, ba fansho, ba garatuti, ko agogon bango na sallama babu.

Kada dai ka ɗauka kai kaɗai gyara ya shafa. A 1997 an duba aka ga bai dace yara su riƙa kallon ƙarti suna bin mata da gudu ba, sai aka ɗora wa matan farantan abinci, aka ce ai abincin ake bi. X Atencio, wanda ya rubuta muku kalamai da waƙarku, ya yi shaguɓe cewa an mayar da ku 'yan sikawut. A 2018 aka zo kan dandalin gwanjo, inda ake jera matan gari ɗaure da igiya ana sayar da su a matsayin amare. Yanzu kayan mutanen gari ake gwanjonsu, har da kaji, ita kuma matar nan mai jan gashi da ake ta ihu a kanta an ba ta bindiga, ta koma 'yar fashi mai suna Redd. Ni ban yi kukan wannan gyara ba. Wanda ya kai 'yarsa wurin wasa ba shi da buƙatar ya yi mata bayanin farashin mace. Abin da ya ba ni dariya kawai shi ne yadda kowace shekara ake rage muku zunubi, har kuka zama 'yan fashin da laifinsu mafi girma shi ne satar kaji da waƙa cikin dare. Wutar da kuka sa wa gari ma fitila ce da ƙyalle da fanka.

Amma akwai gwanjon da ba a taɓa nunawa ba balle a cire, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kowa ya dubi gemunka ya san da Edward Teach aka kwatanta ka, wanda ake kira Blackbeard, mutumin da aka ce yana cusa lagwani mai ci da wuta ƙarƙashin hularsa don hayaƙi ya turnuƙe masa fuska. Babban jirginsa, Queen Anne's Revenge, asalinsa jirgin bayi ne na Faransawa mai suna La Concorde, daga Nantes. Ya kama shi a watan Nuwamba 1717 ɗauke da mutane fiye da 400 da aka ɗebo daga Wida, gaɓar da ke Jamhuriyar Benin a yau. Bai kwance su ya ce kowa ya kama gabansa ba. Ya zaɓi waɗanda yake so, sauran ya bar wa Faransawa, su kuma suka ƙarasa da su kasuwar Martinik. Shi Roberts mai doka da oda, a Janairun 1722 ya tare jiragen bayi a Wida ya ce a biya fansa, da kyaftin ɗin jirgin Porcupine ya ƙi, mutanensa suka cinna wa jirgin wuta da bayi kusan 80 ɗaure da sarƙa a ciki. Wata guda bayan haka jirgin yaƙin Ingila ya kashe shi kusa da Cape Lopez a Gabon ta yau, aka rataye mutanensa 52 a Cape Coast ta ƙasar Gana, baƙaƙen fatar da aka kama a jiragensa kuma aka sayar da su.

Ranka ya daɗe, shekara 39 kana kan wannan jirgi, ba wanda ya taɓa tambayarka abin da ke ƙarƙashin benen da kake takawa. Na san amsar, katako ne da wayoyin lantarki. Amma kwale-kwalen yara ba ya bi ta nan, kuma ba don ya manta hanya ba ne.

Shi Teach ɗin ma bai daɗe ba. Kamar shekara biyu ya yi yana sharafinsa. A watan Mayu 1718 ya toshe tashar jirgin ruwan Charleston, abin da ya nema a matsayin fansa kuwa akwatin magani ne. Ranar 22 ga Nuwamba na wannan shekara Laftanar Robert Maynard ya rutsa shi a Ocracoke, aka ƙirga harbi biyar da sara kusan 20 a jikinsa, aka rataye kansa a goshin jirgi. In aka auna da wannan, sallamarka ta zo da mutunci. Ka kuma aika wa Barbossa cewa in ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya shafa wa nasa ruwa, don farin jinin fim ba ya kai shekara 39.

Batun dukiyar da kuke ta azabtar da Carlos a kanta, bari in taimaka maka, tunda shi ya ƙi faɗa. Ba ta cikin gari, ba ta cikin kogon ƙwarangwal ɗin nan. Tana bakin ƙofar shiga, inda tikitin yini ɗaya ya haura dala 100, da kuma shagon da ke kusa da mafita, inda ake sayar wa yara takobin roba da ƙyallen rufe ido. An kafa irin wannan wasa a Florida a 1973, a Tokyo a 1983, a Faris a 1992, a Shanghai a 2016, kowanne da nasa layi, mutane suna miƙa kuɗinsu da hannunsu suna murmushi. Kun yi shekaru kuna harbin ganuwa, alhali akawu ne ya san sana'ar.

A ƙarshe ina sanar da kai cewa karen nan na kurkuku yana nan daram. An canza kyaftin, an canza amare, an sa Jack cikin ganga, shi kuwa yana zaune inda ka bar shi da makulli a baki, fursunoni uku suna yi masa fito suna kaɗa masa ƙashi, ya ƙi matsowa ko taku ɗaya. Tun 1967 fayil ɗinsu ke hannunsa. In za ka shigar da takardar neman haƙƙinka, kada ka bi ta ofishinsa.

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani mai tausayin 'yan fansho