'Yan Kokawar Babban Yatsa a Mayo Gwoi

Duk gidan gem da ka leƙa a Mayo Gwoi, ƙwallo ce uwargida. Babbar talabijin tata ce, hannuwan da ba su fashe ba nata ne, har bencin da ke kusa da fanka. Reslin kuwa can ƙurya ake jefa ta, gefen ƙofar da hayaƙin janareta ke shigowa. Amma ba ta taɓa rasa jama'a ba, kuma ba yara kaɗai ba. Akwai masu gemu da suka kamu tun zamanin PlayStation ta farko, wadda WWF SmackDown! ya fito a kanta a 2000, har yau ba su warke ba. Reslin ɗin talabijin an gama rubuta wanda zai faɗi tun kafin a hau fage. A gem babu mai rubuta maka komai, shi ya sa halin kowa ke fitowa fili.

Akwai wanda ke cinye wasansa tun a wajen zaɓe. Idan faifan Here Comes the Pain na 2003 aka sa, kafin ka gyara zama ya cafke Birok Lesna, ƙaton da ke jikin kwalin, in ka riga shi kuma ya koma kan Golbag. Sai ya dubi ƙaninsa da fuskar tausayi ya ce, "Ɗauki Re Misteriyo, ai shi yana tashi sama." Ya sani sarai gem ɗin yana lissafin nauyi, ƙaramin ɗan wasa ba ya iya ɗaga irin su Big Sho. Yaro na ta kiciniyar ɗaga dutse, shi yana dariya yana cewa ƙwarewa ce.

Malamin maɓalli ya fi shi ban tausayi. Wannan ya haddace komai: da'ira ta kamu ce, L2 na tare naushi, R2 na warware kamu, L1 kuwa sai lokacin kisa. Yana iya yi maka darasin rabin awa a kan yadda ake juya wa abokin karawa kisansa. Sai Allah ya haɗa shi da wani ɗan firamare da bai san komai ba sai X, ya dafe hannu a gwiwa yana lugude, harshe a waje. Minti uku alƙali ya ƙirga uku. Malam ya miƙe yana kaɗe riga: "Wannan ai ba wasa ba ne, hauka ne." Ya fita ya sayi ruwan leda, ya dawo ya nemi a sake.

Mai laifin hannu ba sai an daɗe a kansa ba. Bai taɓa faɗuwa ba a rayuwarsa, hannu ne dai ke cin amanarsa. A musanya masa, ya ce wancan ma an lalata.

Wanda na fi jin daɗin kallo shi ne almajirin Andateka. Kowa ya san a gidan gem lokaci kuɗi ne, mai shago na zaune da agogonsa, don haka da zarar 'yan wasa sun fara shigowa fage ake dannawa a wuce. Ban da shi. Ƙararrawa za ta buga, fage ya yi duhu, mutumin ya taho yana jan ƙafa, shi kuma ya harɗe hannuwa a ƙirji.

"Hamma, don girman Allah danna mu fara, kuɗina ne ke tafiya."

"Kai yaro, ba a katse Andateka."

An ce wata rana wuta ta ɗauke daidai lokacin da fagen ya yi duhu, kowa ya tashi yana tsaki, shi yana zaune yana jiran sauran. In kana son zaman lafiya da shi kada ka ambaci Afrilun 2014, ranar da Lesna ya karya wa gwaninsa nasara 21 a jere a WrestleMania. Tun daga lokacin duk wanda ya ɗauki Lesna a gabansa ya sayi faɗa, kuma ba na gem kaɗai ba.

Sai tela. Shi bai zo kokawa ba, ɗinki ya kawo shi. Zai biya kuɗin zagaye uku ya shige wajen ƙirƙirar ɗan wasa, ya yi ta gwada gira da takalmi. Abin da zai fito a ƙarshe shi ne kansa, amma da damtsen da ko a mafarki bai ajiye ba, ga kisan Siton Kol, ga na Tirful Ec, duk ya tattara wa mutum ɗaya. Wani har ɗan dambe yake ƙoƙarin haɗawa, hannu ɗaya a naɗe, ya raɗa masa Shago. Dukiyarsa kaf tana cikin ɗan katin ajiya mai megabayit 8 da yake yawo da shi a aljihun gaba. Ranar da wani ya goge katin don ya ajiye kofin ƙwallo, gaisuwa ake zuwa yi masa.

A bayan duk waɗannan akwai kocin benci, wanda bai taɓa biyan ko sisi ba. "Ɗauko kujera! Hau igiya! Kai, danne shi mana!" Ka miƙa masa hannu, ya ce yatsansa na ciwo. Kusa da shi ne maci amana ke zama, wanda za ku ƙulla yarjejeniya a Royal Rumble cewa sai kun fitar da sauran 28, ka juya baya ya wurgo ka waje, ya ce hannunsa ne ya zame.

Ɗan kishin ƙasa sabon shiga ne. Tun da Afolo Kurus ya fito yana alfahari da asalinsa na Tibi a 2021, ya karɓe kambu a hannun Big I a WrestleMania, abokanmu Tibi na unguwa suka daina ɗaukar kowa sai ɗan gida. In babu shi a faifan, a ba su Omos ɗan Legas. In shi ma babu, to Kofi na Gana, maƙwabci ai ɗan'uwa ne.

Kawu mai wucewa kuwa leƙowa yake ya ce duk ƙarya ce, ya ga kokawar gaske a filin ƙauyensu, ba wannan ta masu kamfai ba. Bayan kwata yana nan a bakin ƙofa yana tambaya ko wancan mai dogon gashin ya tashi.

Su kuma 'yan zamanin farko yanzu magidanta ne. Wani na jan Keke Napep, in fasinja ya yi wuya a bakin gada sai ya zaro waya, ya buɗe manhajar PPSSPP, ya shiga SmackDown vs. Raw 2011 da aka tura masa ta Xender. Wani ma'aikaci ne, ya sayi PlayStation ya kai gida da sunan yara. A wajensa duniya ta lalace tun da kamfanin THQ mai fitar da gem ɗin ya karye a ƙarshen 2012, 2K ya karɓa, kuma hujjarsa kullum WWE 2K20, wanda 'yan wasa ke nutsewa cikin fage saboda kurakurai. Ɗansa na son Roman Rens, shi yana ganin wannan rashin tarbiyya ne. Da daddare uwar yaran za ta ɗaga labule: "Baban Abba, yaron nan kuka yake, ka ba shi abinsa mana." Ba ya ko waiwayowa. "Ki ce ya yi haƙuri, gwada masa nake in ga ko hannun na aiki."