Wa Zai Hau da Ragon?

Tun da kamfanin Summa na Turkiyya ya gina otal ɗin Radisson Blu a Yamai saboda taron Tarayyar Afirka na 2019, wasu 'yan Yantala suke ɗaga kai suna cewa su ma lokaci ya yi da unguwarsu za ta taɓo gajimare da dogayen benaye. Madalla, Allah ya ba da iko. Amma kafin a zuba kankare, a amsa mana tambayoyi.

Idan layya ta zo, a hawa na goma ina za a kafa turke? Uwargida ta kafa turmi tun asuba, na ƙasanta ya kai ƙara wurin wa? Ga watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke, lif ya tsaya cak: nawa mai ga-ruwa zai caji maigida kafin ya hau da garwa biyu?

Babbar asara ma ita ce gulma, don babu katangar leƙe. Sai dai masu lambun bakin kogin Kwara su yi shiri: daga sama, kowa zai ƙirga musu kan salak.