Mun Ji Ra'ayinku, Ku Sa Hannu A Nan

A mazaɓar Titiwangsa da ke Kuala Lumpur akwai wata unguwa, Kampung Baru, wadda Turawan mulkin mallaka suka yanka wa Malayawa manoma wajen 1900. Har yau ana ganin gidajen katako da masu sayar da shinkafa da yaji a bakin titi, ga tagwayen benayen Petronas a ƙetaren kogi suna leƙen tsakar gidan mutane. Duk ministan da ya hango filin nan sai yawunsa ya tsinke, nan take ya tuna cewa talaka ma yana da ra'ayi.

A Satumban 2019 ministan yankunan tarayya, Khalid Samad, ya tara masu filayen don ya ji ta bakinsu kan sayar wa gwamnati filayen. Sai dai amsar na aljihunsa tun daga ofis: ringgit 850 kan kowace ƙafa murabba'i. Aka yi ta gunaguni. Bayan 'yan makonni aka ce to, an kai 1,000, amma 150 ɗin hannun jari ne. A Kasuwar Kurmi wannan ciniki ne, albarka da sallama. A takardar gwamnati sunansa tuntuɓar al'umma.

Al'ummar ma ba kanwar lasa ba ce. Masu haƙƙi a filayen sun haura 5,000, don gado ne da ba a raba ba tun zamanin kakanni. Fuloti ɗaya, wannan jika na son kuɗi, wancan ya rantse kabarinsa kaɗai zai fitar da shi, na ukun an rasa inda ya shiga. Kafin su gama taron dangi, gwamnatin ta faɗi a Fabrairun 2020, maganar ta bi ruwa. Maƙwabtansu na Kampung Sungai Baru da suka ƙi sa hannu kuwa, dokar karɓar filaye ta 1960 aka ɗauko musu, a Satumban 2025 'yan sanda suka zo jin sauran ra'ayin. Af, magajin garin Kuala Lumpur ma naɗa shi ake yi. Tun 1965 aka dakatar da zaɓen ƙananan hukumomi a Malesiya. Wannan kam ba a neman shawarar kowa.

Kafin mu ƙyalƙyace da dariya, mu leƙa namu taron masu ruwa da tsaki. An sa ƙarfe goma, babban baƙo ya iso bayan azahar. Awa guda ta tafi wajen gabatar da manyan baƙi da wakilan waɗanda ba su zo ba. Sai mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure, mutum uku kawai za su yi magana. Na farko ya miƙe: "Ranka ya daɗe, mu dai sai godiya, Allah ya ƙara girma." Na biyu ya ce Alhaji ya riga shi, amma ya yi minti goma yana maimaitawa. Na ukun ya tambayi inda ake rubuta suna don kuɗin mota. Takardar bayan taro kuwa tun jiya aka buga ta, har da "bayan doguwar muhawara".

Da daddare a teburin mai shayi sai ka ga na farkon nan ya tattare hannun riga yana fede kasafin kuɗin jiha sashe-sashe, yana rantsuwa cewa da gwamnati na shawara da irinsu da tuni ƙasar nan ta wuce Malesiya.