Motsa Jiki a Gwanzu, da Abin da Ke Samun Wandon Baƙo

Ɗan kasuwar da ya taso daga Kano ya sauka a Gwanzu, babban birnin lardin Gwandon a kudancin ƙasar Sin, ba ya samun wurin motsa jiki cikin sauƙi. Otal masu ɗakin motsa jiki manya ne, irin waɗanda mai lissafin kuɗin kwantena ba ya kwana a cikinsu. Yawon kasuwar yadi ta Jonda kuwa, duk da hawa da saukar da ke cikinsa, yaudara ce: abin da ƙafa ta ƙona da rana, taliyar Lanjo da naman rago ke mayar da shi da daddare, har da riba. Abin da ya rage wa mai son lafiyarsa shi ne lambun gwamnati.

Agogon Sin yana gaban na Najeriya da awa 7. Idan ana kiran asuba a Gwanzu, a Kano ƙarfe goman dare ne ko kusa da haka, lokacin da mutum ya saba zama majalisa. Saboda haka sabon zuwa yakan idar da salla idonsa tar, babu barci babu dalilinsa, sai maganar likita ta faɗo masa: hawan jini, tumbi, da minti 150 na motsa jiki a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya riƙa yi. A gida wannan magana ba ta taɓa hana kowa barci ba. A baƙunta take yin ƙarfi.

Da dama daga cikin 'yan kasuwar Afirka a unguwar Shawbe suke sauka, kuma daga can lambun Yuweshiyu tafiyar ƙafa ce. Lambu ne mai tuddai da tafkuna, a cikinsa akwai gunkin awaki biyar da ya zama tambarin birnin, da hasumiyar Jenhai mai hawa biyar wadda aka fara ginawa a 1380. Shiga kyauta ne. Masu lambun na haƙiƙa tsofaffi ne, domin shekaru da yawa kafin 2025 mata a ƙasar kan ajiye aiki suna da 50 ko 55, maza kuma 60, da sauran ƙarfinsu. Da sassafe za a tarar da masu taici suna motsi a hankali kamar a cikin ruwa, da masu buga wata 'yar ƙwallo mai gashin tsuntsu da ƙafa, da masu gugar bayansu a jikin bishiya, da masu tafiya da baya da baya don sun yarda tana gyara ƙugu. Sai kuma ayarin mata masu rawa a jere, da lasifikarsu.

Tun da gwamnati ta ƙaddamar da shirin motsa jiki na ƙasa a 1995, aka shiga kafa ƙarafan motsa jiki a lambuna da unguwanni, da yawansu da kuɗin cacar wasanni ta gwamnati. An shafe su da fenti shuɗi da rawaya kamar kayan wasan yara, abin da ke sa baƙo ya yi musu kallon kitse alhali rogo ne. Mafi haɗari ga marar sani ita ce wadda 'yan ƙasar ke kira injin tafiya a sararin samaniya. Ba ta da inji ko kaɗan. Matakai biyu ne na ƙarfe, kowane a rataye da sandarsa daga wajen tsayin ƙugu, suna lilo gaba da baya, kowane da ra'ayin kansa, sai sandar riƙewa a gaba. Galibinsu suna da ƙarfen da ke tare lilon idan ya kai wani matsayi, sai dai da jikin masu lambun aka auna wannan matsayi, ba da wandon shadda ba.

A nan tufafi suka shigo. Wandon Bahaushe na asali, buje, mai faɗin hantsa ne, an yanka shi don mai hawan doki da mai zaman harɗe. Da shi mutum zai iya tsallake rijiya bai ji komai ba. Ɗinkin yanzu da ake kira fensir ya kashe hantsa gaba ɗaya, rigar kuma ta tsaya iya cinya. Telolin Kano sun iya shawo kan magidanci da cewa zai mayar da shi saurayi.

Misalin da ke hannu bai wuce kwana huɗu da faruwa ba, kuma ya sami wani ɗan kasuwar Kantin Kwari ne mai shekara 52, wanda mai wannan rubutu ya sani kamar yunwar cikinsa. Ya shiga lambun da farar shadda ɗinkin fensir, domin da jaka wofi ya taho, kuma duk da birnin na fitar da wandon wasanni kwantena-kwantena, inda ya tambaya dozin aka ce masa. Ya ga wata tsohuwa da ba ta kai kafaɗarsa ba a kan injin, tana lilo da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da waya tana hira. Da ta sauka, ya yi bisimilla ya hau.

Abin da ya biyo baya bai fi daƙiƙa huɗu ba, amma yana da matakai da ya kamata a bi ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idar hawa ita ce a kama sandar da hannu biyu, a ɗora ƙafa a tsaye, a fara da ƙaramin motsi. Shi kuwa da taku ya fara, irin na mai tsallake kwata. Ƙafar dama ta tafi gaba. Nauyinsa, wanda ya haura kilo 100, ya rasa inda zai sauka, sai ya tura ta hagu baya. Dama ta ci gaba da tafiya gabas, hagu ta nufi yamma, babu wadda ta waiwayi 'yar'uwarta. A daidai wannan lokaci waƙar da matan ke rawa da ita ta ƙare, lambun ya yi tsit kafin ta gaba ta fara. Cikin wannan tsit ɗin wandon ya yi magana.

Ƙarar shadda mai sitaci idan ta yage daban take da ta atamfa, kuma mutumin da ya shekara talatin yana yanka yadi ya fi kowa sanin haka. Wannan ba ƙet ɗaya ta yi ta tsaya ba. Ta fara daga gaba a hankali, kamar mai gyaran murya, ta ɗan dakata a tsakiya, sannan ta zarce baya da ƙarfinta, ƙeeet, har sai da ta dangane da mazagin zariya. Iskar safiya ta shiga inda ba ta taɓa shiga ba. Wando ɗaya ya zama ƙafafu biyu masu zaman kansu, zariya kaɗai ke riƙe da zumuncinsu. Rigar da aka ce za ta mayar da shi saurayi ta tattare ta haye ƙugu.

Daga inda matan suke, kuma injin baya ya ba su, ga yadda abin ya kasance: baƙo fari fat daga wuya zuwa idon sawu, a buɗe kamar almakashi, sai ga ja ya bayyana a tsakiya. Gajeren wandon ciki ja ne jawur. Mata sun fi ashirin, duk hannuwansu a sama da mafitai, suna jiran waƙa. Babu wadda ta yi dariya, kuma da sun yi da ya fi sauƙi. Kallo suka yi irin na masu nazari.

Matsalar da ke gaban wanda ya kai wannan matsayi ta lissafi ce. Hannu biyu gare shi, duka suna kan sanda. Idan ya saki ɗaya don ya ja riga ƙasa, zai kifa. Idan ya ce zai haɗe ƙafafun, sai tsokar cinya ta ciki ta yarda, ita kuwa tun zamanin langa ba a neme ta da wani aiki ba, kuma a wannan safiya ta ɗaure tam. Sauka ba ta yiwuwa, don duk matakin da aka ɗage wa ƙafa guduwa yake yi. Haka ya tsaya cak, gumi na zuba, yana karanta Inna lillahi a ƙasan maƙoshi, yana duban wani ganye a ƙasa kamar shi ya fito gani. Can waƙa ta gaba ta tashi. Ba wadda ta taka.

Sai wata murya ta ce, “Jiya yo!” Sauran suka amsa, “Jiya yo! Jiya yo!” har da tafi. Kalma ce ta ƙarfafa gwiwa da ake yi wa 'yan wasa da masu jarrabawa, amma ma'anarta ta zahiri ita ce a ƙara mai. Wato a ganinsu bai gama ba, yana tsakiyar wani abu ne mai wuya da ya zo da shi daga ƙasarsu.

Taimako ya zo daga wani dattijo mai farar singileti da fulas a rataye, wanda ya sauko daga sandar lilo inda ya jima yana jujjuyawa kamar jemage. Bai kama matakin ba, bai kama mutumin ba. Ya zagaya shi sau ɗaya, hannu a baya, ya duba gaba, ya duba baya, ya fi daɗewa a baya. Sannan ya ciro waya, ya yi mata dogon jawabi, ya kawo ta daidai hancin baƙon. Manhajar fassara ta ce:

“Saurayi, ka yawaita shan ruwan zafi.”

Ruwan zafi a ƙasar Sin shi ne abin da ake fara ba mai mura, da mai ciwon ciki, da mai ɓacin rai. Ana samun tukunyarsa a tashoshin jirgi da cikin jirgin ƙasa, tsoho kuwa ba ya fita ba fulas. Matsayinsa kusan ɗaya ne da na sannu a bakin Bahaushe, sai dai sannu ba ta da'awar magani.

“Baba, ƙafata! Riƙe min ƙarfen nan!” in ji baƙon da Hausa, yana nuni da haɓa.

Dattijon ya gyaɗa kai kamar ya fahimta sarai, ya sake yi wa wayar magana. Ta ce sanyi ne ya taru a gwiwarsa, kuma daga ganin tumbinsa yana shan ruwan firji. Wannan gaskiya ne, abin da ya ƙara ɓata wa mutumin rai ke nan. Dattijon ya sake leƙa baya, fuskarsa ta washe. A al'adarsu shekaru na zagayowa duk 12, kowace da dabbarta, kuma idan shekarar dabbar mutum ta zo yakan sa jan kamfai don kore tsautsayi. Wayar ta yi masa murna, sannan ta tambaye shi ko 48 yake ko 60. Ta ƙara da cewa jan ya yi aiki, tunda bai faɗi ba.

Wadda ta sauke shi a ƙarshe tsohuwar farko ce. Ta dawo ɗaukar jakarta, ta sa tafin ƙafa ta tare matakin baya ba tare da ta katse hirarta a waya ba, ƙafafun suka komo gida. Dattijon ya riga ya tsiyaya ruwa a murfin fulas. Baƙon ya jingina da bishiya, cinya a haɗe, ya karɓa da hannu biyu ya shanye, ya ƙona harshe.

Fita daga lambun da irin wannan wando tana buƙatar gajeren taku da hannu ɗaya a bayan riga. Da yake matan na nan a jere, kuma ƙofar tana bayansa, mutumin ya zaɓi ya fuskance su ya riƙa ja da baya, yana ɗan rusunawa, har ya kai kwana. Dattijon ya biyo shi da sauri, babban yatsa a sama, waya a gaba. Ta ce wannan ita ce tafiyar da ta dace da mai irin jikinsa, ya riƙa yin minti 30 kullum, kuma gobe ƙarfe shida suna nan.