Ɗabaƙoƙin Ma'abota Tsohuwar Kwamfutar Wasa

Duk wanda Allah Ya jarrabe shi da son wasan kwamfuta, ya kuma haɗa injinsa tun zamanin da katin hoto na GTX 1060 yake ango, wato shekarar 2016, babu makawa wata rana zai ga ɗan wasansa yana ɗingishi a allo, fanka kuwa tana gurnani kamar injin markaɗe. A ranar ce mas'ala take tasowa, ko a yi wa tsohuwa kwaskwarima, ko a haɗa sabuwa tun daga tushe. Na daɗe ina lura da mutane a kan wannan al'amari, har na ga saɓaninsu bai gaza na malaman furu'a ba.

Mafi yawansu shi ne mai faci. Niyyarsa kyakkyawa ce, kati ɗaya tak zai canja, amma da ya kawo sabo sai ya tarar akwatin wutarsa mai wat 450 ba ya iya ciyar da baƙon, ya sayo babba; ya kunna, sai ga kati zaune yana jiran tsohuwar firosesa, kamar ingarma da aka ɗaure a bayan jaki; ya sayo sabuwar Ryzen, aka ce masa ai ta gurbin AM5 ce, ba ta hawa tsohon allon cikin injinsa; ya sayo allo, allon kuma ya ce ba shi ba DDR4, sai DDR5. Kafin wata shida babu abin da ya saura na asali face kwangon ƙarfe da sukurori huɗu, amma in ka tambaye shi sai ya rantse maka cewa shi fa gyara ya yi, bai taɓa sayen sabuwa ba.

Kishiyarsa shi ne mai rushe ɗaki saboda ɓera. Wasa ya sarƙe masa sau ɗaya, ya yanke wa inji hukuncin mutuwa, ya sayar da shi a wulaƙance. Wanda ya saya kuwa ya buɗe, ya hure ƙurar hunturu uku, ya shafa wa firosesa sabon man sanyaya, ya sa SSD, ga shi can yana wasa lami lafiya.

Akwai mai jiran gobe, wanda a 2021, lokacin da masu haƙar kuɗin kirifto suka wawashe katuna, ya ce sai farashi ya sauko. Da ya sauko ya ce sabon samfuri na tafe. Da samfurin ya iso, dala ta riga ta yi fiffike.

Shi kuwa zahidi, ina ganin girmansa. Ya rage ingancin hoto har fuskokin mutanen wasa suka koma kamar dankali, bai bar GTA V ba tun fitowarsa a kwamfuta a 2015, kuma da aka sanar da shi cewa Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba za ta sauka a injinsa ba don ba shi da TPM 2.0, sai ya yi hamdala, ya ce yanzu ya huta da sabuntawar da kan katse masa wasa.

Saura mufti, wanda ya haddace sunan kowane kati da nasabarsa, yake kare mazhabar AMD a gaban mabiya Intel har jijiyar wuyansa ta tashi, alhali iyakar dukiyarsa waya ce mai tsagaggen gilashi. Makon jiya na kai masa kwamfutata, domin ni ma, a faɗi gaskiya, ɗan ɗabaƙar faci ne. Ya leƙa ciki, ya girgiza kai, ya ce, “Yaya, wannan ai gawa ce, binne ta ya wajaba.” Da na miƙe zan tafi sai ya biyo ni har zaure, ya sassauta murya, ya ce in na haɗa sabuwar kada in wahalar da kaina neman maƙabarta, shi zai ɗauki gawar.