Gizo da Ƙofar Likoro

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wai Zaki, sarkin Likoro, ya naɗa Jaki sarkin ƙofa, duk wasiƙar da za ta shiga gari ko ta fita sai ta bi ta hannunsa. Jaki kuwa bai iya cewa a'a ba. Kowa ya miƙo takarda sai ya buga mata hatimin gari ya tura.

Gizo ya ji labari, ya ciko buhu da wasiƙun ƙarya: "Ka ci gadon miliyoyi, turo kuɗin lauya." Kowacce ya sa mata sunan Tunkiya ta Hunkuyi, baiwar Allah da ko alƙalami ba ta taɓa riƙewa ba. Na Makarfi da Ikara suka tafi da hatimin Likoro. Na cikin gari kuma sunayen bogi ne, Jaki ya yi ta yawo bai sami masu su ba, sai ya kwashe ya jibge wa Tunkiya a ƙofar gida, wai ya mayar wa mai su.

Ana nan, Kurege ya rubuta wa dillalinsa na Kano ya turo mota a ɗauki rake. Aka dawo da takardar ko buɗewa ba a yi ba. Raken ya bushe a fadama.

Shamuwa, da ta san duniya, ta faɗi gaban Zaki. "Ranka ya daɗe, tun 1998 wata ƙungiya, Spamhaus, take rubuta sunayen ƙofofin da ke fitar da shara, garuruwa kuma suna duba littafin kafin su karɓi saƙo. Sunanmu ya shiga."

Aka tuɓe Jaki, aka naɗa Bushiya. Masu kula da sabar imel, Postfix ce ko wata, sun san irin aikin da ya hau kanta.

Gizo ya dawo da buhunsa. "Yanki ya daɗe, ga na Makarfi."

"Kai ɗan gari ne? Ina shaidarka? Ba na aika wa baƙo saƙo da hatiminmu."

"To, ga na Malam Ɓauna na unguwar nan."

Bushiya ta buɗe kundin mazauna gari, ta bi da yatsa har ƙasa. "Babu mai wannan suna. Riƙe kayanka, ban karɓa ba balle in nemi wanda zan mayar wa."

Ya zaro ta Kurege, mai suna na gaskiya. Nan Bushiya ta yi abin da ya fi burge ni. Ta ce, "Ban san fuskarka ba. Je ka dawo bayan la'asar." Hazbiya ma, da ta kawo wasiƙar dillali, haka aka ce mata, ta sha ruwa a gindin tsamiya ta dawo, aka karɓa, washegari kuma ba a tsayar da ita ba. Gizo mai ƙofa dubu a gabansa, ina ya ga lokacin dawowa?

Sai da damina ta wuce kafin a goge sunan Likoro daga littafin.

Ƙurunƙus!